Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Shekara uku ina karatun gashin ƙashi a Amurka

Ranar da na buga wa Hajiyarmu waya na shaida mata na samu gurbin karatun likitan gashin ƙashi, shiru ta yi har na zaci layi ne ya yanke. Can sai ta ce, "To, kai da digirinka, shekara uku za ka sake zama kana koyon tausa?" Na ce, "Hajiya, ba tausa ba ce. Irin aikin nan ne da aka yi wa Baffa a Asibitin Ƙashi na Dala bayan hatsarin babur, har ya ajiye sanda." Ta ce, "Allah ya sa albarka. Amma don Allah kar ka ci bashi." Na amsa da to, alhali na riga na cike takardar bashin.

Na gama a watan Mayun 2024, kuma tun daga lokacin kusan kowane mako sai wani ya turo min saƙo yana tambayar yadda ake shiga, ko nawa ake kashewa, ko kuma in faɗa masa tsakani da Allah in abin ya cancanci wahalar. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya. Jami'ar gwamnatin jiha ce na yi, a tsakiyar Amurka, inda sanyi ke sa mutum ya manta yana da yatsu. Ba zan ambaci sunanta ba, domin akwai inda zan yaba, akwai inda zan soka, kuma galibin abin da zan faɗa ya shafi kusan duk makarantun da ke ba da wannan digiri.

Abu na farko da ke rikita mutanenmu shi ne tsarin. A gida, yaro zai gama sakandare, ya ci JAMB, ya shiga sashen fisiyo, wato gashin ƙashi, kai tsaye. A Amurka babu wannan hanyar ga yawancin ɗalibai. Sai ka fara gama digirin farko na shekara huɗu a kowane fanni, sannan ka nemi DPT, wato digirin dokta na gashin ƙashi, wanda yawanci shekara uku ne ba hutun bazara. Jami'ar Creighton ce ta fara ɗaukar ɗalibai a wannan tsari a 1993, kuma daga 2016 hukumar da ke tantance makarantun, CAPTE, ta daina amincewa da duk wani shiri da ba dokta yake bayarwa ba. Saboda haka wanda ya ce maka zai kai ka mastas ka zama likitan gashin ƙashi daga tushe a Amurka, ka riƙe jakarka da kyau. Wanda kuma ya riga ya karanci fisiyo a gida, hanyarsa daban ce: ana kai takardunsa wurin masu tantance karatun ƙetare irin su FCCPT, a duba abin da ya rage masa, ya cike, ya zana jarrabawar lasisi. Ni ba na cikin wannan rukuni. Fisiyoloji na karanta a Najeriya, na yi bautar ƙasa, na zo nan a 2017.

To, shiga. A nan ne na fi ɓata lokaci, kuma da na samu mai faɗa min gaskiya da na rage shekara guda cur.

Kowace makaranta tana da jerin darussan da sai ka yi su kafin ta dubi takardarka: anatomi, fisiyoloji, bayoloji, kimistiri da fiziks zango bibbiyu tare da aikin ɗakin gwaji, lissafin ƙididdiga, da ilimin halayyar ɗan Adam. Na duba jerin na yi murmushi, don duk na yi su a gida, wasu ma har sau biyu. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Makarantu da dama ba sa karɓar waɗannan darussa in a wajen Amurka ko Kanada aka yi su, wasu kuma sun gindaya cewa kada darasin ya wuce shekara bakwai ko goma da yi. Haka na koma kwalejin shekara biyu ta garinmu, da rana ina aiki a ɗakin gwajin jini, da dare ina zaune da yara 'yan shekara goma sha tara ana koya mana yadda ƙwallo ke gangarowa daga tudu. Zango huɗu na yi a haka. Ban ji daɗi ba, amma kuɗin kwalejin da sauƙi, kuma makin da na samu a nan shi ya ɗaga ni, domin idan aka juya makin jami'o'inmu zuwa ma'aunin 4.0 na nan, mutumin da ya yi zarra a ajinsa sai ya fito kamar matsakaici. Yawancin makarantun suna rubuta 3.0 a matsayin mafi ƙaranci, sai dai waɗanda ake ɗauka galibi sun zarce haka nesa.

Batun fito da takardar sakamako daga tsohuwar jami'ata kuwa, Allah ya isa kawai. Wata biyar ƙanena yana safa da marwa tsakanin ofisoshi, yau fayil ya ɓata, gobe mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Duk mai niyya, ya fara da wannan tun kafin ya sayi littafi ko ɗaya.

Sai awannin kallo. Ana son ka je ka tsaya kusa da likitan gashin ƙashi mai lasisi ka ga yadda yake aiki, shi kuma ya sa hannu ya tabbatar. Wasu makarantu awa ashirin suke so, wasu ɗari ko fiye, kuma sun fi son a ga ka zaga wurare iri-iri. Na yi nawa a 2019, wani ɓangare a asibitin kwanciya, wani a gidan kula da tsofaffi, kafin korona ta zo ta rufe ƙofofi. Da farko na ɗauka wahalar da mutane ce kawai, ina tsaye ina ninke tawul ina goge gado. Daga baya na gane amfaninsa: wata yarinya da muka fara tare ta ga ana juya wani tsoho da ya yi bahaya a kwance, ta fita waje, ba ta sake dawowa ba. Gara ta gane a mako na biyu da ta gane bayan ta ci bashin shekara guda.

Takardun neman shiga kusan duka ta shafi ɗaya ake tura su, PTCAS, wanda ake buɗewa wajen tsakiyar watan Yuni. Ka cike sau ɗaya, ka zaɓi makarantu, kowace ƙarin makaranta da kuɗinta. Akwai wasiƙun shaida, yawanci biyu ko uku, ɗaya daga likitan da ka yi kallo a wurinsa. Akwai rubutun bayanin kai. Na zana GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, na kuma zana TOEFL ta gwajin Turanci duk da cewa tun firamare da Turanci aka koyar da ni, abin da har yau yake min ciwo. Makarantu da yawa yanzu sun yar da GRE, don haka a duba kafin a kashe kuɗi. Shawarar da zan ba da da babbar murya ita ce a tura da wuri. Makarantu da dama suna cike kujeru ne yayin da takardu ke shigowa, wanda ya jira ranar ƙarshe sai ya tarar an raba naman, saura ƙashi. Bakwai na nema, uku suka kira ni ganawa ta Zoom, ɗaya ta ɗauke ni, ita ma daga jerin masu jira. Na fara a 2021, mu arba'in da 'yan kai a aji, ni kaɗai ne Musulmi, kuma na girmi kowa ban da wata tsohuwar soja.

Yanzu karatun kansa, wanda shi ne kayan da na saya.

Zangon farko ɗakin gawa ne, kuma shi kaɗai ya isa in ce ban yi asarar kuɗina duka ba. A gida na ga gawa a ɗakin anatomi, amma daga bayan kafaɗun mutum talatin, ina ɗage. A nan mu biyar ne a kan gawa ɗaya har mako goma sha biyu, wuƙa a hannunmu. Wata tsohuwa ce da ta yi wasiyya a ba da jikinta don karatu. Ranar farko da aka yaye mayafin, na yi salati a zuci, na ji wani nauyi, domin mu mun saba gawa ba ta kwana. Na daɗe ina kokawa da wannan. Amma ranar da na bi jijiyoyin da ke fitowa daga wuya, daga C5 zuwa T1 a lambobin gaɓoɓin ƙashin baya, da yatsana, na ga yadda suke haɗuwa su rabu su sake haɗuwa a ƙarƙashin ƙashin wuya kafin su gangara hannu, sai na tuna jaririn maƙwabtanmu a Kano da aka haifa hannunsa ɗaya na lilo, ana ta cewa iska ce ta taɓa shi. A wurin haihuwa ne aka ja wuyan, jijiyoyin sama suka miƙe fiye da kima. Shekara huɗu na yi ina haddace wannan zane a gida, ban taɓa fahimtarsa ba sai ranar. Warin sinadarin da ake adana gawa kuwa yana bin mutum har gida. Uwargida ta ware min bokiti na musamman a baranda, ta ce, "Baban yara, kayan nan ba za su shigo min ɗaki ba."

Akwai abin da babu wanda ya gaya min, kuma ya kamata 'yan'uwa mata musamman su sani tun wuri. A ajin koyon aikin hannu, jikin junanku ne littafin. Ana zuwa da gajeren wando da 'yar shara, ka laluba ƙashin ƙugun abokin karatunka, shi ma ya laluba naka, kuma ana sauya abokin aiki da gangan, mace da namiji, don hannu ya saba da jiki iri-iri. Na je na samu shugabar sashen a makon farko, ina ta kame-kame. Ta saurare ni, ta ce babu damuwa, in sa wando mai rufe gwiwa wanda ake iya naɗewa, kuma idan ni ne majinyaci namiji zai riƙa aiki a kaina. Amma ta faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye: idan ni ne likita, ba zan zaɓi majinyaci ba, a aji ko a asibiti. Na yarda da wannan, lalura ce. Juma'a ma sun bar ni ina fita, in rama awannin da yamma. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Jarrabawar aikin hannu ita ce ke hana barci. Za a kawo mutumin da aka horar ya kwaikwayi majinyaci, malami na zaune da takarda yana kallo. A zango na biyu aka ba ni wata mata mai "shanyewar ɓarin dama", in ɗauke ta daga gado in sa a keken marasa lafiya. Na gaishe ta, na wanke hannu, na auna hawan jini, na ɗaura mata ɗamarar riƙo a ƙugu, na ajiye keken a ɓangaren da ke da ƙarfi, na tokare gwiwarta da tawa, muka ƙirga uku ta miƙe, ta juya, ta zauna lafiya lau. Ina jin kaina kamar wani gwani. Malamin ya ɗago ya ce, "Ka duba birkin hagu." Ban danne shi ba. Ko da komai ya yi daidai, kuskuren da zai iya kayar da majinyaci faɗuwa ce kai tsaye, kuma dama ɗaya ake ƙara ba ka. A lokacin na ga kamar zalunci ne. Yau, ko keken da babu kowa a ciki na gifta sai ƙafata ta taɓa birkin.

Hanjin jimina ne dai, akwai na ci akwai na zubarwa. Darussan jijiya, zuciya da huhu, ƙashi da gaɓoɓi, da na yara, malaman da ke koyar da su suna duba marasa lafiya har yanzu, kuma ana jin haka a bakinsu. Amma akwai darussan "shugabanci" da "ƙwarewar sana'a" da aka jera mana zango bayan zango, ana ta rubuta yadda muka ji a zuciya, kuɗinsu kuma daidai da na anatomi. Da an haɗe su wuri ɗaya da an rage mana wata huɗu. Wani abin da ya dame ni shi ne hotunan koyarwa. Ana ce mana alamar farko ta gyambon kwanciya ita ce fata ta yi ja. Na ɗaga hannu na ce, to a jikina fa? Malamar ta yi jim, ta ce tambaya ce mai kyau, mako na gaba ta dawo da bayani: a baƙar fata ana duba inda ya fi duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, a taɓa a ji zafi ko tauri. Ta kyauta da ta nemo, amma bai kamata a ce sai da ɗalibi ya tambaya ba.

Shekara ta uku kusan duk a asibiti ake yin ta. CAPTE ta wajabta aƙalla mako 30 na cikakken aiki a ƙarƙashin likita mai lasisi, mu 36 muka yi, kashi uku. Ga inda zan fi soka: awa arba'in kake aiki a mako, ko sisi ba a biyanka, kuma kai ne kake biyan makaranta cikakken kuɗin zango. Kashi na biyu aka tura ni wani ƙaramin gari mai nisan awa huɗu a mota, sanarwar mako uku kacal. Haya biyu na riƙa biya, iyali a can, ni a nan cikin ɗakin ƙasa na wata tsohuwa, naman halal sai na taho da shi a kula duk ƙarshen mako. Mai kula da ni a wurin kuma ya mai da ni ɗan aikinsa, majinyata uku a lokaci guda, shi yana ofis. Abin da na koya a wurinsa shi ne lissafin inshora: Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, tana biya ne a kan kowane minti goma sha biyar, kuma sai ka kai aƙalla minti takwas kafin a ƙirga maka. Na kai ƙara makaranta, suka kira shi, abin ya ɗan gyaru, amma rabin lokacin ya riga ya tafi. Wurin da za a tura ka sa'a ce zalla, kuma bai kamata abin da ka biya dubban daloli ya zama caca ba.

Kashi na uku ne ya wanke min zuciya. Wata dattijuwa ce 'yar Somaliya, an sauya mata gwiwa da ta ƙarfe. Likitar da ke kula da ni, mace mai shekara kusan sittin, ta miƙo min ma'aunin kusurwar gaɓa, na auna, gwiwar tana lanƙwashewa digiri 85. A littafi burin shi ne a kai wajen 120, wanda ya isa hawa bene da shiga mota. Na fara rubuta haka, sai likitar ta dafa takardar ta ce, "Ka tambaye ta me take so ta koma yi?" Ta bakin jikarta, dattijuwar ta ce ita ba ruwanta da bene, so take ta sa goshinta a ƙasa. Likitar ba ta san me ake nufi ba. Na cire takalmi na gwada mata sujada da zaman tahiya a kan tabarmar motsa jiki. Ta tsuguna tana kallon gwiwata, ta ɗora ma'aunin, ta ga zaman yana cin kusan digiri 150. Ta ce zaman a kan dugadugai da wuya gwiwar ƙarfe ta ba da shi, amma sauran za mu gwada, bayan ta tuntuɓi likitan da ya yi aikin. Muka sake tsarin gaba ɗaya: sauka ƙasa ta dafa kujera, matashi a ƙarƙashin gwiwa, tashi da ƙafa mai lafiya a gaba. Ina ce mata Mama, tana ce min wani abu da jikar ta fassara da "ɗana". A mako na tara ta yi sujada a gabanmu, ta daɗe ba ta ɗago ba, har likitar ta matso tana tsoron ko wani abu ne ya same ta.

Bayan kammalawa tsugune ba ta ƙare ba, saura jarrabawar lasisi ta ƙasa, NPTE. Sau huɗu ake yin ta a shekara, Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Daga 2024 tambaya 225 ce cikin awa biyar, ana ba da maki tsakanin 200 da 800, kuma 600 ake nema. Sau shida kacal mutum zai iya zana ta a rayuwarsa. Na zana a Yuli na haye. A nan makarantar ta yi ƙoƙari, don salon tambayoyinta tun shekarar farko irin na jarrabawar ne. Duk wanda ke zaɓen makaranta, ya shiga shafinta ya nemi lambobi uku da dole ta wallafa: kashi nawa ke kammalawa, nawa ke cin jarrabawar lasisi, nawa ke samun aiki. Ma'aunin CAPTE shi ne kashi 80, 85 da 90 bi da bi. Idan makarantu biyu duk sun haye wannan da kyau, ka ɗauki mai arha. Lasisin iri ɗaya ne, kuma a ganawar neman aiki uku da na yi babu wanda ya damu da sunan jami'ata.

Kuɗi shi ne ciwon. Jami'ar jiha ga mazaunin jihar ta fi sauƙi sosai a kan mai zaman kanta, ni ma abin da ya cece ni ke nan, tare da albashin uwargida, don karatun ba ya barin mutum ya riƙe aikin kirki. Rancen gwamnatin tarayya galibi sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, wanda ya zo da bizar ɗalibi ba ya samu, kuma tallafin karatu a wannan fanni kaɗan ne, ba kamar PhD ba inda ake biyanka. Rancen yana da kuɗin ruwa, wannan kuma kowa ya je ya tambayi malaminsa ya yanke wa kansa. Matsakaicin albashin sana'ar yana wajen dala dubu ɗari a shekara, sabon shiga bai kai nan ba. A naira adadin yana sa kai juyawa, amma a cire haraji, haya, inshorar lafiya, bashin wata-wata da abin da ake turawa gida, sai ka ga ashe rufin asiri ne, ba arziki ba. Wanda kalmar "dokta" ce ta ja shi, ya sani a asibiti da sunansa na yanka za a riƙa kiransa.

In maki zan ba su, bakwai cikin goma. Horon hannu da ɗakin gawa tara, hanyar shiga ga wanda ya yi digiri a gida biyar, yadda ake rabon wuraren aikin asibiti huɗu. Ƙanwata da ke son fannin na ce mata ta yi nata a gida tukuna, ta yi rajista da MRTB, hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi a Najeriya, ta samu hannu a asibiti, in ya so daga baya a kawo takardunta a tantance. Ya fi mata arha nesa ba kusa ba.

Da na je gida da babbar sallah, Hajiya ta sa an tara min marasa lafiya tun kafin in kwance jaka: ƙanwarta mai ciwon baya, maigadi mai kafaɗa, da wata maƙwabciya da hawan jini ya shanye wa hannu. Ita kuma tana zaune a kan darduma tana kallo ina koya wa maƙwabciyar yadda za ta tashi daga kujera. Da suka watse ta miƙo min ƙafarta ta ce, "To likita, sai ka zo ka yi min tausar."